Ɗanyar Shaida

A gidanmu na Haɗejiya akwai wata koriyar samira mai murfi da ba wanda ya isa ya buɗe ta. Kullum aka sauke tuwo, ita Inna take fara cikawa, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gadonta. Da safe a ɗumama a bayar, a wanke samirar, da yamma a sake. Abincin Hamma ne, yayana da nake bi. Ina aji biyu a sakandare ya shiga kwalekwale za shi gonar shinkafarmu ta wajen Guri, a wata damina da kogi ya cika ya batse, kwalekwalen ya kife da su. An tsamo sauran, masu rai da waɗanda kwana ya ƙare. Shi ko hularsa ba a gani ba. Aka yi zaman makoki aka watse, Inna ta amsa gaisuwa da baki kamar kowa, amma tuwon nan ba ta fasa zubawa ba ko sau ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, na tsani samirar nan. Duk tsokar da ta fi girma a miya can take tafiya. Ni da nake raye, nake ɗebo ruwa, nake zuwa cefane, sai in samu ƙashi in yi ta gwagwiya ina hararar ƙarƙashin gado. Wata rana baki ya suɓuce mini na ce, "Inna, wanda ke cikin ruwa ai kifi ma ya ishe shi." Marin da Adda, babbar yayarmu, ta sakar mini ranar, har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara. Na kuwa cancanci fiye da haka.

Dangin Inna makiyaya ne na wajen Kirikasamma, mutanen da tun kaka da kakanni suke ƙetare fadama da shanu a iyo. Sun san abin da mutanen tudu ba su sani ba, cewa in ruwa ya riƙe mutum kwana uku, ba ya mayar da shi da fuskarsa. Don haka suke yi wa 'ya'yansu shaida a cikin damtsen hagu, can kusa da hammata. A tsaga da aska, a cusa baƙin tukunya, ta warke baƙa ƙirin kuma ta ɗan tasa, ido ya gani, yatsa ya ji. Ɗan fari layi ɗaya, mai bi masa biyu, haka har auta. Adda tana da ɗaya. Hamma yana da biyu. Ni da ya kamata in samu uku ban samu komai ba, domin kafin a haife ni Baba ya fara zama gaban malamai, ya ce jarfa canza halittar Allah ce, kuma 'ya'yansa ba shanu ba ne da za a riƙa yi musu alama. Inna ba ta yi musu ba, ta dai ajiye maganar a ranta.

Bayan rasuwar Baba ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna, tunaninta kuma ya fara zuwa yana komawa. Sai ta koma gane mu da hannu. Ga shi muryata, tun da ta buɗe, kowa cewa yake ta Hamma ce sak. Duk sanda na yi sallama sai in ga ta tashi zaune da sauri, ta miƙo hannu ta lalubo damtsena, yatsunta suna hawa suna nema. Su iske fata sumul. Sai kafaɗunta su sauka, ta ce, "Au, Auta ne. Sannu da zuwa." Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma "au" ɗin nan tana yi mini ciwo, kuma kullum sai na ji ta, wani lokacin sau uku a yini.

Da na gama karatu na gaji da zaman bakin titi, sai na cike takardar shiga sojan ruwa. Har yau ban san ko neman aiki nake yi ba ko neman magana. Aka kira mu gwaji, saura mako uku, kuma kowa ya san gudu ne yake fara zubar da mutane. Da na gaya wa Inna, ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Ruwa," ta ce. "Duk aikin da ke tudu."

"Inna, ai ba kogin nan ba ne."

"Ruwa duk dangin juna ne. Ba zan hana ka ba, Auta. Amma ba za ka fita gidan nan da albarkata ba sai da shaida a jikinka. Wanda ya tafi da ita ma ban same shi ba, ina ga wanda ba shi da ita?"

Na tambayi wani da ya riga ni shiga, ya ce zanen gayu ne ake korar mutum a kansa, tsagar gado ba ruwansu da ita. Maganar Baba kuwa ta tsaya mini a rai kwana biyu. Daga ƙarshe na yi istigfari, na ce a yi.

Aka ɗauko goggon Inna daga Kirikasamma a bayan babur, mu ma Goggo muke ce mata. Tsohuwa ce tukuf, ita ta yi wa Adda, ita ta yi wa Hamma. Ta zauna a tabarma ta kwance wani ƙulli, ga aska, ga baƙin tukunya da ta kwaɓa da man shanu a murfin kwalba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce abin da ake yi wa jariri yana tsotson yatsa shi za a yi wa ƙato mai gemu, to kada in ba ta kunya in yi kuka. Inna ta riƙe mini wuyan hannu. Layi na farko na ji shi har cikin haƙorina. Na biyu ma haka. A na uku hannun Goggo ya gaji, na ji askar tana karkarwa, ta wuce sama-sama kamar ƙaya ta karce ni. Ta cusa baƙin, ta ɗaure da farin tsumma.

"Kwana bakwai," ta ce, tana nuna ni da askar. "Ba zufa, ba ɗaukar kaya, ba ruwan kogi. Ka ji ni ko?"

"Goggo, gudu fa? Ina da gwaji."

"Gudun me? Wa ya biyo ka? Ɗanyar shaida ba ta san mai ita ba tukuna, ɗan nan. Sai ta bushe take sanin jikin wa take. Ka zauna wuri ɗaya har ta san ka."

Na ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa tsofaffi.

A lokacin na fi wata biyu ina gudu kullum bayan sallar asuba a kan jinga, wannan doguwar ganuwar ƙasa da aka tare kogi da ita don kada ya shigo gari. Daga bayan unguwarmu nake hawa, in bi ta har wata babbar kwalbati, in juyo. Da ƙyar na kai matsayin da numfashina ya daina yi mini gardama, sai a ce in kwanta mako guda saboda karce uku? Kwana ɗaya na huta. A na biyu na sa takalman gudu a leda kamar mai zuwa masallaci, na yi salla, na zarce.

Ƙarshen damina ne, kogi a cike maƙil. Dama da ni gari ne da bai gama farkawa ba, hagu kuwa ruwa ne da ciyawar kacala da ta fi mutum tsawo, farin tururi yana kwance a kanta. Ban yi nisa ba na gane abin da Goggo take nufi da zufa. Gishirinta ya ratsa tsumman ya sami ɗanyen nama, kamar an barbaɗa barkono. Ga damtsen yana gugar haƙarƙarina a kowane taku. Sai na ɗage hannun daga jikina, na ci gaba da gudu a karkace kamar kazar da aka karya wa fiffike.

A nan na fara jin takun.

Hamma ya taɓa karyewa a ƙafar hagu yana yaro, ɗorin bai zauna daidai ba. Ba gurgu ba ne, har ƙwallo yana bugawa, amma in yana sauri ƙafar takan ɗan ja ƙasa. Taku ɗaya sosai, ɗaya da ja. Tun daga zaure muke gane shigowarsa. Wannan sautin ne a bayana, ba kusa sosai ba, kamar tsawon gora biyu. Na ce amsa-kuwwa ce, takuna ne yake dukan ruwa yana dawowa. Na tsaya cak don in tabbatar. Sautin ya ƙara taku ɗaya, sannan ya tsaya.

Na waiwaya. Jinga ce miƙe, ba kowa, sai wani zalɓe a bakin ruwa da ko kallona bai yi ba. Na karanta Ayatul Kursiyyu a tsaye, na gaya wa kaina rashin karin kumallo ne, na ƙarasa guduna. Da na koma gida na wanke tsumman a ɓoye, ruwan ya fita baƙi-baƙi.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni washegari na koma, har da jin haushi, wai ni za a tsorata a jingar da na haddace kowane raminta. Takun yana nan. In na ƙara sauri ya ƙara, in na sassauta ya sassauta, bai taɓa matsowa ba, bai kuma taɓa barina ba. Kusa da kwalbati akwai wata mata mai bandar kifi da take riga kowa fitowa tarar masunta, ta san gidanmu tun muna yara. Ranar tana tsugune tana jera kwanduna, ta ɗago ta gan ni ina fitowa daga cikin tururin. Ta saki kwandon hannunta, ta ja da baya har ta zauna a ƙasa.

"A'uzu billahi! Wane ne?"

"Ni ne, Iya. Autan gidan Inna."

Ta dafe ƙirji tana haki. "Kai, ɗan nan, Allah ya shirye ka. Me ya sami ƙafarka? Wallahi na ɗauka yayanka ne ya fito."

Na ce ƙafata lafiya lau. Ta bi ni da kallo, ba ta yi mini tayin kifi ba kamar yadda ta saba.

Kwana na huɗu an kwana ana ruwa, saman jingar ya yi laushi. Ni na fara hawa, ba sawun kowa a gabana. Na je kwalbati na juyo, sai na ce bari in duba ƙasa, in akwai mai bina ai gani ya kori ji. Sawun mutum ɗaya ne, na takalmina, da zanen tafinsa da na sani. Na dama ya fito tsaf. Na hagu kuwa kowane ɗaya da jan ƙasa a bayansa, kamar tsawon yatsa. Na tsuguna na daɗe ina kallo. Na san bayanin da zan ba wa kaina: na ɗage hannu, jikina ya karkace, dole ƙafa ta ja. Bayani ne mai kyau, har yau shi nake ba wa mutane. Abin da bai bayyana mini ba shi ne takun nan guda da ake ƙarawa bayan na tsaya.

A kwana na biyar na tarar ruwan sama ya zaftare wani wuri a jingar, kogi ya malalo ta kai, faɗinsa bai fi taku shida ba. Ga kwalbati can ina hango ta. Na tuna maganar Goggo sarai, ba mantuwa na yi ba. Na ce ai ƙafa ce za ta shiga, ba hannu ba. Na cire takalma na rataya a wuya, na shiga. A taku na uku laka ta zame da ni, na tafi gaba ɗaya ta gefen hagu har kunne.

Ruwan da ɗumi, shi ne abin da na fara ji, ɗumi kamar an surka. Ban daɗe a ciki ba, na yunƙura na dafa ƙasa na fito ina tari. Amma kafin in fito na ji an ja tsumman hannuna, ja ɗaya a hankali, yadda ake kwance wa yaro ɗauri. Wataƙila saiwar kacala ce. Da na tsaya a kan jinga na ga tsumman a saman ruwa, fari da tabon baƙi. Ruwan yana gangarowa ta wajen gari, shi kuwa ya nufi cikin kacala, a hankali, har ya shige.

Na dawo gida da tafiya, ba gudu ba. Ina tafe ina kasa kunne. Babu kowa a bayana, kuma daga ranar ban ƙara jin takun ba. Na ɗauka zan ji daɗi, sai na ji shirun ya fi takun tayar mini da hankali.

Da yamma hannun ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. Adda ta zo daga gidanta na Malam Madori duba Inna, ita ta kama ni. Ta ja ni bayan ɗaki, ta dafa ruwa da gishiri, tana wankewa tana zagina ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

"Kunnen ƙashi! Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Tsohuwa ta taso tun daga Kirikasamma a kan babur saboda kai, ka je ka wanke aikinta a kogi."

Layi biyu na farko sun yi zurfi, sun riƙe baƙinsu. Na ukun ya yi ruwa, ɓawonsa ya taso, ya biyo tsumman wankin da baƙin da komai. Adda ta ce a bari ya warke tukuna a gani. Muka ɓoye wa Inna, duk sanda ta miƙo hannu sai in ce da ɗauri, Goggo ta ce kada a taɓa.

Na tafi gwaji, na yi gudu, na ci. Likitan da ya duba mu ya lanƙwasa ƙafafuna biyu bai ga komai ba. Na dawo gida jiran kira da murnata, hannu ya warke, har na manta da shi. Na yi sallama a tsakar gida da hantsi, Inna tana zaune a bakin ƙofarta. Ta miƙo hannu yadda ta saba, na durƙusa na ba ta damtsen.

Yatsunta suka hau. Suka sami layi na farko, suka tsaya. Suka sami na biyu. Suka wuce gaba suna nema, suka dawo, suka sake wucewa. Wurin na ukun sumul yake, ɗan fari-fari ne kawai da sai mai ido zai gani. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga fuskarta. Rabon da in ga wannan fuskar tun ina aji biyu.

"Babana," ta ce. Haka take kiran Hamma, don sunan mahaifinta ya ci. "Babana, kai ne?"

"Inna, ni ne, Au..."

"Na sani. Na san za ka zo. Duk sun ce in haƙura." Ta riƙe hannun da hannayenta biyu, ta kifa goshinta a kai, hawayenta yana bin gwiwar hannuna. "Ka rame. Ruwan da sanyi ko?"

Adda tana tsaye bakin madafa da ludayi a hannu. Na dube ta, ta girgiza mini kai. Na ce, "Ba sanyi, Inna." Ban san daga ina amsar ta fito ba.

Ranar Inna ta ci abinci har ta nemi ƙari, ta sa aka kunna mata rediyo, ta yi ta ba ni labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure a bayana. Na sake gwada gaya mata washegari, da jibi. Sai ta shafa layukan ta yi dariya, ta ce har yanzu ban bar tsokana ba. Na sami Adda na ce zan je Kirikasamma Goggo ta mayar da na ukun, ai abin minti biyar ne.

"Je ka," ta ce. "Amma ka san abin da za ka yi. In ka ƙara layin nan, ka sake kashe mata Hamma, wannan karon da hannunka. In ka bari, kai ne babu. Ni ba zan zaɓar maka ba, kai ka shiga ruwan."

Na je tasha. Na zauna a benci har motar Kirikasamma ta cika ta tashi, wata ta fara lodi. Ina jin haushin Goggo da hannunta mai rawa, da Baba, da Hamma da ya mutu bai bar mini wuri ba, amma na san mai laifin yana zaune a bencin nan. Da azahar na tashi na koma gida.

Da yamma aka sauke tuwo. Ina zaune kusa da Inna a tabarma, na ga ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo koriyar samirar. Na ce a raina yau dai za a buɗe ta a miƙo mini, in ci tuwon mamaci. Ta sa Adda ta cika ta, ta ce a sa tsoka mai kyau. Ta karɓa ta rufe, ta riƙe a cinyarta.

"Babana, ba ka haɗu da ƙaninka a hanya ba?"

Na dubi samirar da ke cinyarta.

"Ya ce za shi aikin ruwa. Na ce a yi masa shaida, ban sani ba ko an yi. Yaron nan ba ya jin magana, kuma ba shi da komai a jikinsa. In wani abu ya same shi ba wanda zai gane shi." Ta juya fuskarta wajen zaure tana saurare. "Ka riƙa duba mini shi, kai ka san ruwa."

Na ce, "To, Inna."

Kira ya zo, na tafi aikin. Inna ta yi shekara uku a raye bayan nan. Duk hutun da na samu na zo, ta shafa layi biyu, ta yi murna, sannan ta tambaye ni labarin Auta. Nakan ce yana lafiya, yana gaishe ta, aiki ne ya riƙe shi. Takan ce Allah ya yi masa albarka, ita ba ta riƙe shi da komai ba, ko maganar kifin nan da ya taɓa yi ta yafe.

A zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta na iso da yunwa, tun safe ina mota, an riga an kwashe tuwo an wanke tukunya. Muna zaune a ɗakinta, ƙamshin miya yana tasowa daga ƙarƙashin gado. Ban yi tunani ba na miƙa hannu na jawo samirar, murfin ya yi ƙara. Inna ta lalubo hannuna da sauri ta buge shi.

"Kul, Babana," ta ce. "Kada ka taɓa. Na Auta ne."